Wane ma'aunin zafi zan saya na yogot? Na gaji da asarar madara

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu sana'ar yogot ku ba ni shawara. Sau biyu ke nan cikin sati uku ina haɗa lita 20 yana ƙin yi. Na farko da safe na buɗe bokiti na tarar da madara tsululu kamar yadda na zuba ta, ko ƙanshin tsami babu. Na biyu ya kama, amma ya raba ruwa, ga tsami kamar an matsa lemo a ciki. Shekarata guda ina wannan sana'a, da yatsa nake gwada ɗumin, kuma lokacin da nake yin lita biyar ban taɓa samun matsala ba sai da na ƙara yawa. Maigidan ya ce in sayi ma'aunin zafi. Na leƙa intanet na ga kala-kala: akwai mai tsinke, akwai mai fuskar agogo, akwai mai kama da bindiga irin wanda ake ɗora mana a goshi lokacin korona. Wanne ne mai sauƙin kuɗi da zai yi min aiki? Ko in ɗauki na auna zazzaɓin yara da ke cikin durowa? A Kano nake.

Ummu Sadik: Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri. Lita 20 a tsadar madarar nan ba wasa ba.

Anti Nas: Maman Ilham, kafin komai, ki bar na zazzaɓin nan inda yake. In na gilashi ne mai zaiba, iyakarsa daga digiri 35 zuwa 42, kina tsoma shi a madara mai zafi zai iya fashewa, kuma zaiba guba ce, duk tukunyar sai dai a zubar. Ko bai fashe ba, an ƙera shi ne yadda in ya hau ba ya sauka sai an kaɗa shi, ke kuma saukar zafin kike son gani. Na batir ɗin ma bai wuce 42 da ɗoriya, daga nan sai ya nuna miki H ya yi shiru. Ban da wannan, abin da ya shiga hammatar yaro mai ciwo ba ya shiga abincin da za a sayar wa jama'a.

Maman Ilham: Kai, Allah ya tsare. Wallahi da yau da daddare na yi niyyar gwadawa. Na gode Anti.

Hajiya Mai Fura: Ni dai ina mamakin 'ya'yan yanzu. Shekara nawa Fulani suna kafa kindirmo a ƙwarya, wa ya taɓa ganin 'yar Fulani da ma'auni? Ki tsoma ƙaramin yatsanki mai tsabta, in kin ƙirga goma bai ƙona ki ba amma kina jin ɗumin, ki zuba iri, wato ɗan tsohon nonon da ake kafawa da shi. Shi ke nan. Matsalarki iri ce ba zafi ba.

Baban Yasir: Hajiya, da girmanku, ba na musun abin da kuka faɗa, amma kindirmo da yogot ba ƙwayoyi ɗaya ke kafa su ba. Tsohon nonon da Bafulatana ke zubawa gaurayen ƙwayoyi ne da suka saba da ɗumin ɗaki, ko madara ta huce sosai za su yi aikinsu kafin gari ya waye. Shi yogot ƙwayoyi biyu ne sanannu, Streptococcus thermophilus da Lactobacillus bulgaricus, kuma masu son zafi ne, sun fi ƙwazo tsakanin digiri 42 zuwa 45. In madara ta haura 50 sun fara jigata, kusan 55 zuwa 60 kuwa sun mutu. In ta faɗi ƙasa da 38 aikin zai yi ta jan ƙafa, wani lokaci ya fito da yauƙi. Kun ga tazarar ba ta da faɗi. Yatsan da ya shekara talatin a bakin murhu ba ya jin 50 yadda yatsan amarya ke ji.

Hajiya Mai Fura: To ai shi ya sa na ce nawa yatsan, ban ce na amarya ba.

Ummu Sadik: Hajiya kin kashe ni da dariya.

Baban Yasir: Allah ya ja kwana Hajiya. Amma Maman Ilham, ga abin da nake zato. Lita biyar tana hucewa da wuri kuma kusan gaba ɗaya. Lita 20 a bokiti mai zurfi, sama na iya yin daidai alhali ciki yana nan da zafinsa. Yatsa kuwa saman kawai yake taɓawa. Ina kyautata zaton a karon farko kin dafa irin ne da ransa. Na biyun da ya raba ruwa, ko dai zafin ya ɗan yi yawa ko kin bar shi ya daɗe a rufe. Awa nawa ya yi?

Maman Ilham: Daga bayan isha'i har wajen takwas na safe, a cikin kula na lulluɓe da bargo biyu, saboda tsoron abin da ya faru a na farko.

Baban Yasir: Awa goma sha biyu ke nan, a wannan zafin na Kano, da bargo biyu. In ɗumin ya tsaya a 43, awa huɗu zuwa shida ya isa ya kama, sai a kai firji. Bargon ki adana shi sai hunturu.

Zee Kitchen: Ni bindigar nake amfani da ita kuma ban ga laifinta ba. Ba ka taɓa madarar ma balle ka sa mata datti, ka danna kawai lamba ta fito. Tsinken nan kullum sai an wanke, an goge.

Anti Nas: Zee wace iri ce taki? Don iri biyu ne. Ta goshi an saita ta ne a kan zafin jikin mutum, in ba ki juya ta zuwa awon kaya ba, ba za ta ba ki abin kirki ba.

Zee Kitchen: Ta kicin ce, mai jan haske.

Baban Yasir: Ko ta kicin ce, fatar abu take karantawa, ba ta ganin ciki. Jan hasken ma nuni ne kawai na inda kika saita, ba shi ke awon ba. In madara ta yi kumfa ko ta yi fata a sama, zafin kumfar za ta gaya miki. Tururi yana ruɗa ta. In kika haska gefen tukunyar silba mai sheƙi, nan ma ƙarya za ta yi miki, don ƙarfe mai ƙyalli ba ya fitar da zafinsa yadda take tsammani. Wato matsalar da yatsa ya ba Maman Ilham ita ce bindiga za ta ba ta, sai dai wannan karon ta biya kuɗi. In za ki yi da ita, ki juya madarar sosai da ludayi ki auna nan take.

Zee Kitchen: Ai haka nake yi, ina juyawa. Kuma ni lita takwas nake yi a faffaɗar tukunya.

Baban Yasir: To kin ga dalilin da ya sa take yi miki.

Maman Biyu: Maman Ilham ki sayi mai tsinken nan na batir, wanda aka rubuta TP101 a kwalinsa, ko ɗan'uwansa TP300. Kamfanoni barkatai ne ke yin su a China, duk kusan abu ɗaya ne. Yana auna daga ƙasa da sifili har 300, kuɗinsa bai kai na madarar da kika zubar sau ɗaya ba, ko kusa. Masu kayan kek suna da shi, na ga shi kuma a wajen masu kayan kicin a Sabon Gari. Shekarata biyu da nawa. Abu uku zan gaya miki da ba a rubuta a kwali ba. Kansa ba ya son ruwa ko kaɗan, tsinken kawai za ki wanke, kuma kar ki riƙe shi a kan tukunya tururi na dukan fuskarsa, na farkon da na saya haka ya mutu, lambobin suka dushe ɗaya bayan ɗaya. Yana da nawa, sai kin ba shi kamar daƙiƙa ashirin lambar ta tsaya, kar ki cire da ganin lambar farko. Batirinsa kuma ɗan ƙaramin nan ne mai kamar maɓalli, LR44, wasu na ce masa AG13, masu gyaran agogo suna da shi. Ki sayi biyu ki ajiye, don ba ya mutuwa sai ranar da kika ɗora lita 20.

Maman Ilham: Allah ya saka da alheri Maman Biyu. Tsawon tsinken zai kai cikin bokiti?

Maman Biyu: Bai fi tsawon biro ba. Ba zai kai ƙasa ba, dole ki juya tun daga gindin bokitin kafin ki auna. Akwai mai dogon tsinke, in kin samu ki ɗauka.

Sister Rahila: Ni fa na daina yarda da waɗannan na arha. Na sayi ɗaya a nan Jos, na ce bari in gwada shi a tafasasshen ruwa, ruwa yana ta ɓararraka shi kuma ya tsaya a 96. Na mayar wa mai shago, ya canza min wani, shi ma 96. Muka yi ta cacar baki har ya ba ni kuɗina.

Malam Physics: Sister Rahila, ki koma ki ba mai shagon nan haƙuri, don ma'aunansa biyu duk gaskiya suka faɗa. Ruwa yana tafasa a 100 ne a daidai doron teku, kamar Legas. Duk sanda aka hau sama iska na raguwar nauyi, ruwa kuma ya tafasa da wuri, kusan digiri ɗaya a kowace mita 300. Jos tana kan tudu mai kimanin mita 1,200, don haka 96 shi ne daidai a wurinku. A Kano ki sa ran 98 da ɗan wani abu, Kaduna wajen 98, Sakkwato wajen 99. Duk wanda ma'auninsa ya nuna 100 cif a Jos, nasa ne ke da matsala.

Sister Rahila: Yesu! Kuma har na gaya wa maƙwabtana kar su sayi kaya a wurinsa.

Ummu Sadik: Sai ki kai masa yogot lita ɗaya na ban haƙuri.

Malam Physics: Tunda an zo nan, bari in faɗi yadda ake gwada ma'auni, domin a ganina wannan ya fi tambayar wanne za a saya muhimmanci. Na arha da na tsada duka suna iya kuskure, bambancin kawai wanda ya gwada nasa ya san kuskuren. Ki sayi ƙanƙarar fiya wata, ki daddaka ta ƙanana, ki cika kofi da ita dam, sannan ki zuba ruwan sanyi kaɗan ya cike ramukan. Kar ƙanƙarar ta yi iyo, in ta taso ruwan ya yi yawa. Ki juya, ki jira minti biyu, ki tsoma tsinken a tsakiya ba tare da ya taɓa gindin kofi ko gefensa ba. Ya kamata ya nuna 0. Wannan gwajin bai damu da tudu ko kwari ba, a Jos da Legas duk ɗaya ne, shi ya sa na fi son sa. Bayan nan ki yi na tafasa. In a ƙanƙara ya nuna 1, a tafasa ma ya ɗara abin da ake tsammani da 1, ba sai kin yar ba, ki rubuta a jikin salatif ki manna masa, kullum ki rage ɗaya. Wanda za ki mayar shi ne wanda ya ɗara a ƙanƙara ya gaza a tafasa da yawa, ko wanda in kin gwada sau uku yake ba ki amsa uku.

Abu Maraɗi: Malam, mu nan wanda mun ka fi samu shi ne mai fuskar agogo, babu batir. Ƙanwata na yin yawur, wato yogot, tana ƙullawa a leda kamar solani, nonon leda na kamfani da ake sayarwa nan Nijar. Shi wannan yaya?

Malam Physics: Yana da kyau in an san halinsa. Ƙarfe ne nannaɗe a cikin tsinken, zafi ke murɗa shi ya juya allurar. Sai an nutsa tsinken kamar santimita biyar ko fiye, wasu suna da ɗan tabo a jiki da ke nuna iyakar. In ya faɗi ƙasa yakan goce, amma da yawansu suna da noti a ƙarƙashin fuskar, sai a tsoma a ƙanƙara a murɗa da filaya har allura ta hau 0. Na batir mai arha ba ya gyaruwa haka. Abin lura shi ne a duba rubutun fuskar kafin a biya. Wanda aka yi don suya ko gashi yana farawa ne daga 50 ko ma sama, babu 43 a jikinsa sam. A nemi mai 0 zuwa 100 ko 120.

Anti Nas: Akwai kuma na gilashi mai jan ruwa irin na ɗakin gwajin makarantun sakandare, daga ƙasa da sifili da goma zuwa 110. Ba zaiba ba ce a ciki, kuma yana da gaskiya. Amma gidan yara da gilashi a bakin bokitin madara, ni ban ba da shawara ba.

Maman Ilham: Wata tambaya. Na ga wata a YouTube tana cewa a bari ya huce zuwa 110. Ya za a yi a huce zuwa 110 bayan ruwa ma a 100 yake tafasa?

Maman Biyu: Ba'amurkiya ce ko? Su da Fahrenheit suke awo. 110 ɗinsu shi ne 43 namu, 185 ɗinsu shi ne 85. A jikin ma'aunin akwai maɓalli mai C da F, ki tabbata ƙaramin C ne a gefen lambar. Yarana sun taɓa danna min, na tsaya ina jiran madara ta sauko 43 har ta yi sanyi ƙalau ban gane ba.

Sister Rahila: Malam Physics tunda kana nan. Gwaggona a ƙauye burkutu take dafawa tun ina yarinya, yanzu ɗanta ya ce zai saya mata irin wannan abin don wani lokaci tukunya takan ƙi zaƙi. Ma'aunin ɗaya ne zai yi?

Abban Hanif: Don Allah a kiyaye. Wannan zaure na sana'ar abinci ne, ba na giya ba.

Sister Rahila: Tambayar zafi na yi Malam, ban ce kowa ya sha ba. Zauren ma ba na addini ɗaya ba ne.

Hajiya Admin: Ya isa haka. Abban Hanif an ji, Rahila ba ki yi laifi ba. A amsa abin da ya shafi awo a wuce.

Malam Physics: Amsar ma ta shafi masu kunun zaƙi, don aikin tsiro ɗaya ne. Hatsin da ya tsira yana ɗauke da sinadarin da ke narkar da sitaci ya koma sukari, shi ya sa in an zuba tsiron shinkafa ko na dawa a kunu mai kauri sai ya tsinke ya yi zaƙi. Sinadarin ya fi aiki tsakanin 60 zuwa 70, in zafi ya kusa 80 ya lalace. Wadda ta zuba tsironta a kan kunun da aka sauke yanzu ta kashe shi, sai ta ƙare da loda sukari. Masana'antun lemon malt da na giya a ƙasar nan da wannan lissafin suke aiki, kuma lokacin da gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988 sai suka koma kan dawarmu. Ma'aunin tsinke ɗaya ya isa duka, sai dai a babbar tukunya a nemi dogo.

Hajiya Mai Fura: Wannan kam gaskiya ne, kunu in bai sha iska ba aka zuba gasara ba ya zaƙi. Mu mun sani ba da lamba ba.

Zee Kitchen: Ni abin da ban gane ba, me ya sa ake cewa sai an dafa madarar ta kai 85 kafin a huce ta? Madarar gari ce fa, an riga an dafa ta a kamfani. Ni ruwan ɗumi nake damawa da shi kawai.

Baban Yasir: Madarar shanu ɗanya dole ne a dafa, wannan babu muhawara, saboda cututtuka irin su tarin fuka da ake ɗauka daga nono. Ana riƙe ta a 85 na rabin awa ko a 90 zuwa sama na minti biyar, kuma dafuwar tana sauya furotin ɗin madara yadda yogot zai yi kauri ya riƙe ruwansa. Ta gari kuwa mutane da yawa suna yi yadda kike yi kuma yana kamawa. Amma ruwan fa? In na 'yan garuwa ne, ki tafasa shi tukuna ya huce. Awa biyar a 43 ba ƙwayoyin yogot kaɗai yake wa daɗi ba.

Zee Kitchen: Na borehol ne, amma na ji.

Maman Ilham: 'Yan'uwa na dawo da labari. Shekaranjiya na aiki ƙanina ya sayo min mai tsinken guda biyu, don Maman Biyu ta tsorata ni da maganar tururi. A ƙanƙara ɗaya ya nuna 0.4, ɗayan 1.8. A tafasa na farko 98.6, na biyu 100.1. Na manna wa na biyun salatif na rubuta a rage biyu. Jiya na haɗa lita 20, na bari har yatsana ya ce min ya yi, kamar yadda na saba. Na auna sama ban juya ba, 46. Na sa ludayi na juyo daga ƙasa na sake aunawa, 54! Na zauna a kan kujera ina kallon bokitin. Sai da na sa shi a baho mai ruwan sanyi ina juyawa kusan minti ashirin kafin ya zo 44. Na zuba iri rabin lita, na rufe a kula ba bargo, ƙarfe uku na rana. Takwas na dare ya kama gam, cokali yana tsayawa.

Ummu Sadik: Masha Allah! Barka.

Hajiya Mai Fura: Da kin juya tun farko kafin ki sa yatsan ai da kin ji. Ba laifin yatsa ba ne.

Baban Yasir: Wannan kuma Hajiya kun yi gaskiya.

Sister Rahila: Na je shagon jiya. Ya ce ya sayar da duka, sai wani satin.

Maman Ilham: Hajiya na karɓi laifina. Yanzu saura firji, don an ɗauke wuta tun asuba kuma na auna cikinsa na ga 14. Masu ajiye robobi a kula da ƙanƙara, bulo nawa kuke sa wa roba hamsin, kuma yana kai muku yamma?